A Leƙa Waɗanda Ke Kwance a Unguwannin Awon Igiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a madadin wasu bayin Allah da ba za su taɓa zuwa ofishinku ba, ba kuma za a ji muryarsu a filin kiran waya na gidan rediyo ba, domin ko bakin ƙofar gidansu ba sa kaiwa sai an ɗauko su. Ni tela ne. Ba ni da ƙungiya, ba ni da jam'iyyar da nake yi wa magana. Ina zaune a wata sabuwar unguwa ta awon igiya, wato irin wadda aka yanka gonaki aka sayar fuloti-fuloti ba tare da tsarin hukuma ba, a ƙaramar hukumar Kumbotso, ta wajen hanyar Panshekara, kuma tun watan azumin 2022 nake jinyar mahaifina, wanda hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace.

A cikin birni aka haife ni, a gidan kakanmu, gida mai sassa bakwai da zaure biyu. Ina yaro kakarmu ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, ba ta sake tashi ba har Allah ya karɓi abarsa bayan shekara huɗu. Na yi ta tunani a 'yan shekarun nan, ban tuna mutum ɗaya da jinyar nan ta durƙusar ba. Gwaggo ce mai wanka da safe. Matar Baffa ce mai wanki. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ke dama kunu ta ba ta a baki. Mu yara aikinmu fifita da korar ƙuda, tana ba mu labarin zamanin Sarki Alhaji. Akwai wata 'yar ƙofa a jikin katanga tsakaninmu da maƙwabta, ta nan matansu ke shigowa da rana, wannan da ƙullin goro, waccan da 'yar miya a kwano. Idan ɗaya ta gaji, kafin ta buɗe baki wata ta karɓe ta.

Da manyan suka ƙare aka zo rabon gado a 2016, gidan bai rabu ba sai da aka sayar. Abin da kowa ya samu ba ya sayen ko ɗaki ɗaya a cikin badala, sai kowa ya nufi inda kuɗinsa ya kai shi. Ƙanena yana Bachirawa, ƙanwata ɗaya tana aure a Mariri, ɗayar a Rimin Kebe. Ni na sayi rabin fuloti a hannun dillali, na yi ciki da falo da ɗaki ɗaya a jikin soro, na ɗauko Malam, wato mahaifina, muka tare a 2017. Ranar da muka tare, dawa ce a bayan katangata iya ganinka. Yau layi goma sha wani abu ne a bayana, kuma har gobe tifa tana sauke yashi. Babu famfo, babu kwata ta kirki, asibitin sha-ka-tafi mafi kusa shi ne wanda aka gina wa ƙauyen da muka zo muka cinye gonakinsa. Jama'a ta ƙaru, amma hannun da zai kama maka mara lafiya ya ragu. Kowa ya ja doguwar katanga ya sa ƙofar ƙarfe. Rabin layinmu 'yan haya ne, kafin ka riƙe sunan mutum ya tashi.

Wanda bai yi jinya irin wannan ba ba zai san abin da ke cikin kalmar ba, don haka bari in faɗa maka yadda gari ke waye mana. Ina tashi kafin kiran assalatu. In cire masa famfas, in goge shi, in canza zanen gado da ledar da ke ƙasa, in jingina shi da bango, in yi masa alwala, ya yi sallah a zaune. Malam dogo ne mai ƙashi, ko da ya rame. Ɗaga shi daga katifa zuwa kujera sai na tokare gwiwarsa da tawa, ya rataya hannun hagu a wuyana, in ce “bismillah” mu miƙe tare. Kunu cokali-cokali ne, a zaune, kai a ɗan sunkuye, domin idan ya ƙware tarin ba ya tsayawa da wuri. Daga nan sai juyi: dama, rigingine, hagu, dare da rana. Ƙararrawar waya ce ke tashina.

Amma nauyin jikinsa mai sauƙi ne a kan wani nauyin. Ni ne ɗan farinsa, kuma duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai dai “kai” ko “yaron nan”. Ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Ranar da aka sallamo mu daga asibiti ya ɓata jikinsa, na duba gidan, daga ni sai maiɗakina da yara. Ita suruka ce, ba dama. Na ɗebo ruwa a bokiti na durƙusa a gabansa. Da ya gane abin da zan yi sai ya juyar da fuska bango, ya damƙe zanensa da hannun da ke da rai, hawaye na bin gefen idonsa. Mutumin da ya yi shekara ashirin da wani abu yana ladanci, wanda muryarsa ke tayar da unguwa guda. Na rufa masa wani zanen daga cibiya zuwa gwiwa, na sa hannu ta ƙasa na wanke shi ba tare da na kalla ba, yadda ake yi wa mamaci. Na san shi ma abin da ya zo masa a rai ke nan. Har yau haka nake masa wanka, har yau kuma ba ya kallona sai na gama na sa masa riga.

Kada in danne haƙƙin maiɗakina. Rabin jinyar nan a wuyanta yake. Zannuwa uku, wani lokaci huɗu, kullum sai ta wanke ta shanya. Ruwan kuwa saye muke a hannun 'yan ga-ruwa, kuma da damina kura ba ta shigowa layinmu, sai ita da babban ɗanmu su yi ta jigilar jarka daga burtsatsen bakin layi. Da tana soya awara da yamma, ta bari. Ni ma na saki shagon da nake haya a Fagge na dawo da keken ɗinki soro, don in riƙa jin motsin Malam. Masu kawo mini ɗinki ba duka suka biyo ni ba. Wa zai keto wannan taɓo saboda kaftani ɗaya? Ba ƙorafi nake ba, Edita. Uba ne, ko duk rayuwata na ƙarar a gindin katifarsa ban biya shi ba. Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne.

Mako shida da dawowarmu gida na ga fatar bayansa, daidai ƙashin ƙugu, ta yi baƙi kamar ƙuna. Na shafa man kaɗanya na bar shi. Kwana kaɗan wurin ya buɗe, ya zama rami, ya fara wari. A asibitin da muka kwanta an ba mu takardar magani da ranar dawowa, amma babu wanda ya zaunar da ni ya ce mai irin wannan kwanciya sai ana juya shi duk bayan awa biyu, a sa filo tsakanin gwiwoyinsa, a ɗage diddigensa daga katifa, kada a bar shi cikin lema. Ban ga laifin ma'aikatan ba, na ga yadda ɗakin yake, gadaje a cike, nas biyu na ta kai-komo. Wata dattijuwa ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya, ta zo suna a layinmu, maiɗakina ta roƙe ta ta leƙo. Ta tattare hijabinta, ta nuna mini yadda ake mirgina mutum da zanen gado ba tare da an ja fatarsa ba, da yadda ake wanke gyambon da ruwan gishiri na asibiti, da yadda ake miƙar da yatsun da suka fara ƙanƙamewa. Duka-duka ba ta fi minti ashirin ba. Gyambon nan kuwa wata bakwai muka yi muna fama da shi, sai da ya cinye keken ɗinkina na biyu. Da a makon farko na sami wannan minti ashirin ɗin, da bayan Malam bai huje ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai.

Likita ya rubuta mana gashin ƙashi sau biyu a mako. Daga ɗakin Malam zuwa kwalta tafiyar minti goma sha biyar ce ga mai lafiya. Dillalan da suka yanka filayen nan sun matse hanya don su fitar da ƙarin fuloti, har akwai inda adaidaita sahu ba ya iya juyawa. Kowane mai gida ya haƙa 'yar kwatarsa ya sako ruwa tsakiyar layi, wani ya yi tudun siminti a ƙofarsa don ya tare ambaliya, ya turo ta gidan na kusa. Wani bawan Allah ya ba mu keken marasa lafiya, mun gode masa, amma da rani yashi ke riƙe tayoyinsa, da damina taɓo. Sai an sami maza huɗu a ɗauki Malam a kan kujera zuwa bakin titi. Ƙarfe bakwai na safe kuwa ina mazan? Kowa ya yi sammako ya tafi Kwari, ko Sabon Gari, ko Sharaɗa, ko Dawanau, sai dare. Na sha tsayawa a bakin ƙofa ina tare manyan almajirai da masu turin kura. Sannan dole shata za ka ɗauka, don mutumin da ba ya iya zama da kansa ba a haɗa shi da fasinja. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin zuwa da dawowa ya fi ƙarfina. Muka koma sau ɗaya a mako, muka koma sau ɗaya a wata, muka daina. Hannunsa na dama yanzu a dunƙule yake a ƙirji. Idan ladanin unguwarmu ya ɗaga murya, nakan ga kafaɗar tana motsi, tana son kai hannun kunne, ba ya zuwa.

Na daɗe ina zaton mu kaɗai ne. Masu rigakafin shan inna ne suka farkar da ni. Duk mazaunin Kano ya san su: mata biyu ko uku da 'yar kula a rataye, su yi sallama, su ɗiga wa yaro, su shafa masa tawada a ɗan yatsa, su rubuta lamba da alli a jikin ƙofa. Unguwarmu ba sunan layi, ba lambar gida, baƙo sai ya yi ta kiran waya kafin ya gano ka, amma su ba su taɓa tsallake gidana ba. Ko kango ne, in dai akwai labule a ƙofar, sai sun shiga. Da irin wannan naci aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020, da aka ayyana Najeriya da Afirka baki ɗaya sun rabu da asalin ƙwayar cutar. Wata rana suna wucewa ta soro Malam ya yi nishi. Ɗaya daga cikinsu ta leƙa, ta ce, “Sannu Baba, Allah ya ba da lafiya.” Na tambaye ta ko akwai inda take rubuta irinsu. Ta nuna mini takardar, gurbin yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne kawai. Ta yi rubutunta ta wuce. Na tsaya ina kallon allin nan a ƙofa, na ce ashe hukuma ta san hanyar gidana.

Daren nan na yi wa limaminmu magana. Ya yi sanarwa bayan isha'i, ba wanda ya ce uffan. Mutanenmu ba sa son a san akwai nakasa a gidansu. Sai muka bi ta hannun mata. Maiɗakina da matar liman suka shiga gida-gida a layi shida da ke kewaye da masallacin, da sunan gaisuwa. Cikin mako biyu suka dawo da mutum tara, ban da Malam, waɗanda ba sa iya wanka, ko cin abinci, ko zagayawa sai da hannun wani. Wasu shekara biyar muna sahu ɗaya da masu gidan, ban taɓa sani ba.

Akwai wani matashi birkila da ya faɗo daga benen da yake ginawa a nan cikin unguwar, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. Robar fitsari ce a jikinsa, wadda ya kamata a riƙa canzawa a kan lokaci, amma sai zazzaɓi ya rufe shi ake nemo mai kemis. Matarsa yarinya ce, ga goyo. Akwai tsohuwar da hawan jinin ido ya makantar, ga ƙafa ta ƙi, 'yarta na aikatau a cikin gari. Da safe takan ajiye mata kwanon abinci da buta da fo a inda hannunta zai kai, ta kulle ta ta waje, sai magariba. Ba mugunta ba ce, in ba ta fita ba ba za su ci ba. Akwai dattijon da gigin tsufa ya kama, ya fice da rana tsaka, kwana biyu ana nema, aka same shi a wani kango layi takwas kacal daga gidansu. Mutane sun gan shi yana wucewa, ba wanda ya san ko na wane gida ne. A cikin birni ɗan shekara shida ma zai kama hannunsa ya mayar da shi.

Wadda ta fi tsaya wa maiɗakina a rai wata yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya. An sha doguwar naƙuda a haihuwarta, ba ta yi kuka da wuri ba. Har yau ba ta zama, ba ta magana, sai dai ta bi ka da ido ta yi murmushi. Uwar har yanzu goya ta take, ƙafafun yarinyar na dukan ƙwaurinta. Sau uku suna tashi daga gidan haya saboda matan gida na cewa 'yar ruwa ce, suna janye 'ya'yansu. Mijin ya tafi neman kuɗi kudu, aike sai jefi-jefi. Ƙanwar yarinyar, mai shekara tara, an cire ta daga makaranta don ta zauna da ita idan uwar ta tafi markaɗe ko ɗiban ruwa. Da maiɗakina ta tashi tafiya, matar ta riƙe hannunta, ta ce tun da suka tare ba a taɓa shigowa ɗakin an zauna ba. Ko kwabo ba ta roƙa ba. Cewa ta yi, “Don Allah Yaya, ki riƙa leƙowa.”

Edita, idan layi shida sun fitar da mutum goma, nawa ne a Danbare, da Wailari, da Rijiyar Zaki, da duk inda birnin nan ya tumbatsa ya zuba? Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce. A lokacin an ce jihar Kano mutum miliyan 9.4 ne, Kumbotso ba ta cika 300,000 ba, Ungogo ba ta kai 400,000 ba. Inda nake zaune gona ce a wancan lissafi, wadda aka shirya yi a 2023 kuma an ɗage ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya, wato biliyan 1.3, na rayuwa da wata babbar nakasa. Ba duka ne ke buƙatar a ɗaga su a kwantar ba, amma masu buƙatar su suka fi saurin ɓacewa daga lissafi. Makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu tun kaka da kakanni, suna da ƙungiyoyi; guragunmu na Kano har kekuna suke ƙerawa da hannunsu, abin alfahari, Allah ya ƙara musu ƙarfi. Idan ranar 3 ga Disamba ta zagayo, ranar masu nakasa ta duniya, aka yi taro da rabon kaya, wanda ya iya kai kansa filin taron shi ke samu. Wanda ke kwance a kan leda a ƙuryar awon igiya ba shi da sarki, ba shi da katin ƙungiya.

Doka akwai ta. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Jihar Kano ma tana da tata dokar. Duk wannan alheri ne, ban raina ba. Sai dai amfaninta sai mutum ya isa ƙofar ofis ko matakalar asibiti, namu kuwa ba su kai can ba. Tsakanin katifar Malam da gangaren simintin da aka yi wa masu keke akwai dokin ƙofa, da kwata shida, da kududdufi, da kuɗin shata.

Ban roƙi a gina gidan ajiye tsofaffi ba. Ni ba zan kai ubana can ba, kuma ban san wanda zai kai nasa ba. Roƙona ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin da ke kewaye da birni shi ne a ƙara tambaya ɗaya a takardar masu bi gida-gida: “Akwai wanda ba ya iya tashi da kansa a gidan nan?” A ajiye sunayen a wurin mai unguwa da asibitin mazaɓa. Sannan ma'aikacin lafiya na matakin farko ya riƙa zagayowa ko sau ɗaya a wata, mace ga mata, namiji ga maza, ya auna jini, ya duba baya da diddige, ya canza robar fitsari, ya koya wa mai jinya abin da tsohuwar nas ɗin nan ta koya mini. Jami'ar Bayero na yaye masu gashin ƙashi. Da za a riƙa turo 'yan ajin ƙarshe da malaminsu unguwanni irin tamu ranar Asabar, da su sun ga ciwon da ba ya zuwa asibiti, mu kuma mun koyi motsa gaɓoɓi a gida. Rajistar inshorar lafiya ta marasa ƙarfi da rabon zakka ma a riƙa kai su har ɗaka, domin mai kwanciya ba zai iya bin layin ɗaukar hoto ba. Masu tsara gari kuma, tun gona tana gona ake fitar da hanya. Yau ɗin nan ana can ana ja wa wata gonar igiya, kuma cikin waɗanda za su tare a wurin akwai wanda wata rana sai an ɗauko shi a kujera.

Amma kaso mai yawa namu ne, mu mazauna. A unguwarmu mun yi karo-karo mun sayi taransifoma. Duk wata kowane gida na biyan kuɗin 'yan sintiri. Mun haɗa kuɗi mun sa wa masallaci tayil da sola, muka yi masa matakala biyar masu santsi, babu wanda ya tuna da mai sanda, har da ni. Ranar da muka kai wa liman sunayen nan, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya kawo mana labarin sahabi Itbanu ɗan Malik, wanda ganinsa ya yi rauni, kuma idan an yi ruwa kwari yakan cika tsakaninsa da masallacin mutanensa. Ya roƙi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya zo gidansa ya yi sallah a wurin da zai riƙa a matsayin wurin sallarsa. Da hantsi Annabi ya taka da kansa, tare da Sayyidina Abubakar, ya shiga gidan, ya tambaye shi inda yake so a yi sallar. Na sha jin hadisin nan a zauren karatu, amma ban taɓa jin sa kamar ranar ba, don ni ma kwari ne a ƙofata.

Daga nan muka fara ɗan abin da za mu iya. Samari takwas suka ba da sunansu. Ranar Juma'a huɗu na ɗauko Malam, huɗu na ɗauko birkilan nan, a kai su masallaci a kujera. Juma'ar farko da aka shigo da Malam sahu, bayan fiye da shekara biyu, ya yi ta hawaye har aka sallame. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka yi layi suna ba shi hannu, yana miƙa na hagu. Matan islamiyya sun raba kwanaki, kullum mutum biyu na zuwa wurin tsohuwar nan da azahar, an daina kulle ta. Wata ta karɓi zama da yarinyar nan safiya uku a mako, ƙanwar ta koma makaranta, ko da ba kullum ba. Muna tara ɗari-ɗari bayan sallar Juma'a don famfas da auduga. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana tangal-tangal. Uku daga cikin samarin sun tashi daga unguwar, asusun ba ya kai tsakiyar wata, kuma babu ɗayanmu da ya san abin da zai yi idan robar fitsari ta toshe da tsakar dare. Nan kam sai mai ilimin abin.

Ina da magana da 'yan uwa, har da nawa, kuma na faɗa musu a gabansu kafin in rubuta. Turo kuɗi ta waya taimako ne, Allah ya saka. Amma mai jinya yana buƙatar dare ɗaya da zai kwanta ya san wani ne zai yi juyin ƙarfe biyu. Zumunta a ƙafa take, ko da kuɗin mota ya yi tsada. Ƙanena yanzu yana zuwa daren Asabar daga Bachirawa ya kwana wurin Malam, ni kuma in shiga ciki in yi barci har asuba. Wannan daren guda shi ke riƙe da ni sauran shidan. Mazan da ke bar wa mata da 'yan mata ɗawainiyar iyayensu kuwa, su fice tun asuba, su dawo su ce “ya mai jiki?” daga bakin ƙofa, su ji tsoron Allah, su shiga su naɗe hannun riga.

Edita, gani ya kori ji. Idan za ka turo wakilinka, kada ya zo ranar Juma'a da unguwa ke cike. Ya zo ranar Talata da hantsi, cikin watan Agusta, lokacin da maza suka watse, ya sauka a bakin kwalta ya naɗe wandonsa. In wakiliya ce ma ya fi, don yawancin ɗakunan da nake magana a kansu ba na shigar namiji ba ne. Maiɗakina za ta raka ta gida-gida. Mun nemi izinin masu gidajen, shida sun yarda, uku sun ce a bar su da rufin asirinsu, kuma za mu bar su. Ni za a same ni a soro a kan keke, ƙofar ɗakin Malam a buɗe a gefena.

Wassalam.

Naka,
Wani tela mai jinyar mahaifinsa,
Ƙaramar hukumar Kumbotso, Kano.